Wa Zai Buɗe Masa Ƙofa

Litinin, da safe, kafin in fita aiki

Baban yara ya sake tayar da maganar tafiya. Wansa da ke ƙasar waje ya kira jiya, wai kamfanin da yake wa aiki suna neman mai gyaran firiji da na'urar sanyaya ɗaki, kuma sun yarda mutum ya zo da iyalinsa. Yana ɗaura igiyar takalmi ya faɗa min, bai ɗago ba. Na ce to. Ya ce to ɗin me. Na ce to, na ji.

Ba yau Yayan nasa ya fara wannan kiran ba. A da dariya muke yi. Baban yara ya ce ina shi ina ƙasar da mutum zai sa riga uku sannan ya je gyaran abin sanyi. Yanzu ya daina dariyar.

Na haɗa shayi. Kofi biyar na jera. Auta ta ɗauke ɗaya ta mayar cikin kabad.

Tun ranar da aka rufe babban titi Dogo bai dawo ba. Iyakar abin da zan iya rubutawa ke nan. Shi ne ɗana na fari. Ya fita karɓo littafi a gidan abokinsa, ya ce in rufe masa abincinsa. Waɗanda suka gani sun ce motoci ne suka zo aka kwashi samari, wanda ya yi jifa da wanda ke wucewa. Damina ba ta fara ba a lokacin. Yanzu har ta kusa ƙarewa.

Litinin, da yamma

A kantin magani wata mata da ke sayen maganin hawan jini a wurinmu ta riƙe min hannu ta ce, Maman Dogo, ya ƙarin haƙuri. Na ce haƙurin me, ai ba rasuwa aka yi mana ba. Ban san da ƙarfi na faɗa ba sai da na ga mutanen da ke layi sun sunkuyar da kai. Hajiya mai kanti ta ce in shiga sito in jera kwalayen da aka kawo. Na jera. Na sauke su na sake jerawa. Sito ya fi min daɗi, babu mai gaishe ka a ciki.

Laraba, da azahar

Babu labari.

Alhamis, bayan na dawo daga ofishin

Na je ofishin cigiyar waɗanda aka kwasa, kamar kowace Alhamis. Mutumin taga yana nan, da gyaɗarsa a cikin aljihun tebur. Ya ce a dawo wani satin, ana dubawa. Ban ma ƙarasa faɗin sunan ba ya ce ana dubawa.

Matan benci suna nan su ma, kowa da hoto a cinya. Ba mu san sunan juna ba. Akwai maman mai gilashi, akwai maman 'yan biyu wadda guda ɗaya take nema, akwai Maman Tela. Ita ce babbarmu, ɗanta ɗinki yake yi, da almakashi a aljihu aka ɗauke shi, wai makami ne. Ta matsa min na zauna. Ta ce mai gidan da suke haya ya tashe su, sun koma wata unguwa, amma kullum da la'asar sai ta je tsohon gidan ta zauna a dakalin ƙofa, don yaron bai san sabon wuri ba. Sabbin masu hayar har ruwa suke ba ta.

Na so in gaya mata maganar tafiya. Na buɗe baki sai na ji ina tambayarta ya ciwon ƙafarta.

Juma'a, da la'asar

Malamin ajinsu Injiniya ya kira Baban yara. Yaron ya daɗe bai shiga aji ba. Kullum da safe yana sa kayan makaranta a gabana, yana ɗaukar jaka, yana ce min sai na dawo.

Injiniya shi ke bin Dogo. Shekararsa sha shida. Mun sa masa sunan ne tun yana ƙarami, saboda babu rediyo ko fitilar da ta shigo gidan nan ta fita da ranta. Yanzu ba ya kwance komai. Ashe yana ajiye jakar a shagon wanki, ya sa jaket ɗin wansa, ya bi wasu yara da ke rubuta sunayen waɗanda aka kwasa a jikin bango. Safe a shafe, yamma su sake rubutawa.

Uban ya ɗaga hannu. Hannun ya tsaya a sama ya daɗe, sannan ya sauke shi ya shafa kansa ya fita. Injiniya ya dube ni yana jira in yi faɗa. Na ce ya cire jaket ɗin in wanke, ta yi datti. Ya ce a'a, in aka wanke warin jikin wansa zai tafi.

Asabar, da hantsi

Yara sun fita, Auta gidan maƙwabta, Injiniya na aike shi sayen gas, na ce ina duba agogo. Baban yara ya zauna a kujerar kicin ina yankan albasa. Ya ce akwai abin da bai taɓa gaya min ba yadda yake.

Na san a makon farko ya je ɗakin nan na bayan asibiti, mai sanyi. Ya dawo ya ce ba ya ciki, ni kuma ban tambayi komai ba. Yau ya ce shi ne ya gyara musu injinan ɗakin shekarun baya, shi ya sa mai gadin ya bar shi ya shiga. Injin ɗaya ya mutu, wurin ya cika, wasu a ƙasa suke. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana ɗaga zani. Ya ce yawancinsu ba su fi Dogo ba. Da zai fita mai gadin ya roƙe shi ya duba injin da ya mutun, tunda ga shi ya zo. Ya ce kuma ya duba. Ya tsaya ya gyara musu.

Tun ranar, in ya buɗe firijin mutane sai ya riƙe numfashi.

"Maman Dogo," ya ce, "na shiga sau ɗaya. Ba zan sake shiga neman Injiniya ba. Ki taimake ni."

Na ce, in mun tafi, Dogo ya zo ya buga ƙofa, wa zai buɗe masa?

Na ci gaba da yanka. Albasar ta yi yawa, na zuba rabi a roba na sa a firiji. Da na buɗe firijin ya juya fuskarsa ga bango.

Lahadi, da yamma

Inna, mahaifiyata, ta zo. Ƙanena ya sauke ta da mota ya wuce, a gidansa take zaune a can ƙarshen gari. Ta shigo tana dafa bango tana mitar matarsa, wai ta hana ta kunna rediyo da safe don jariri na barci. Ta ce jaririn da ke barci a cikin ihun uwarsa, rediyo ne zai tashe shi. Auta ta yi dariya har da faɗuwa. Na daɗe ban ji sautin dariya a falon nan ba, sai na ji kamar a gidan wasu ake yi.

Baban yara ya riga ya kai mata maganar, na gane daga yadda take kallona. Ba ta tayar ba. Ta tsefe wa Auta kai, ta ce ta rame, ta ce ni ma na rame, ta ce shayina ya zama ruwan wanke kofi. Auta ta tambaye ta ko gaskiya ne a can ƙanƙara na faɗowa daga sama. Inna ta ce haka aka ce, shi ya sa mutanen can ba su da surutu, bakinsu ya daskare. Auta ta ce to Yaya Dogo ya san hanyar can?

Inna ta ce ta miƙo mata man kitso.

Talata, da safe

Babu labari. Na ba wani mutum maganin tari a madadin na ciwon ciki. Hajiya ta gani kafin ya fita. Ba ta yi faɗa ba. Da ta yi da ya fi.

Laraba, da azahar

Mun je ɗaukar hoton fasfo. Na gaya wa Baban yara ɗaukar hoto ba amincewa ba ce, ya ce ya sani. Mai hoton yaro ne mai fara'a. Ya ce kada kowa ya yi murmushi, ba a so a irin wannan hoton. Da ya ɗauke ni ya ce Hajiya, ke kam kin iya. Ya ƙirga mu da ido ya ce iyalin ke nan duka? Baban yara ya ce e. Injiniya ya tashi ya fita waje.

Na duba hoton a mota. Wata mata ce da ɗankwalina.

Juma'a, bayan la'asar

An sako wasu samari a farkon mako. Maman mai gilashi ta samo min adireshin ɗaya. Na je da hoton Dogo, wanda ya ɗauka ranar da ya shiga jami'a.

Gidan ya cika da mata irina, har tsakar gida, kowa na jiran layi. Yaron yana zaune a kan tabarma ya jingina da bango, uwarsa na gefensa tana ba shi ruwa da cokali. Da layi ya zo kaina na miƙa masa. Ya daɗe yana kallo. Ya kawo shi kusa da ido, ya mayar da shi nesa. Ya ce kamar ya gan shi, kamar bai gan shi ba. Ya ce duk an aske musu kai, kuma ɗakin babu haske, da murya suke gane juna. Ya ce in yi masa irin maganar yaron ko zai tuna.

Na tsaya. Na nemi muryar Dogo a cikin kaina ban same ta ba. Na san yana jan "Mama" ɗin in yana son wani abu. Amma sautin bai zo ba. Matar da ke bayana ta taɓa ni a kafaɗa, na matsa mata.

A hanyar dawowa na sayi sabulu da ashana.

Asabar, da safe

Na ce da Baban yara ya ɗauki yaran su tafi, ni zan zauna. In an samu labari, kowane iri ne, sai in bi su. Na tsara maganar tun jiya, na faɗe ta a natse kamar ina karanta takardar likita.

Ya ce in je in dubi Auta. Tana barci a gadona, don tuni ta daina kwana a nata. Ta ɗaure bakin zanen rufata a wuyan hannunta. Ashe kullum haka take yi, in ta farka ta kwance kafin in gani. Shekararta takwas. Ya ce wannan ce za ta hau jirgi babu ke?

Na ce to sai kowa ya zauna. Ya ce Yaya ba zai iya riƙe gurbin har abada ba, ƙarshen wata mai zuwa za su ba wani. Na ce su ba wanin.

Ya ɗauki jakar kayan aikinsa ya fita. Na ji ya daɗe a zaure kafin ya buɗe ƙofa.

Litinin

Ba ma magana. Yana cewa Auta, gaya wa Mamanki an kawo wuta. Ina cewa Auta, gaya wa Babanki abinci na kan tebur. Yarinyar na kai saƙo tsakanin falo da kicin kamar mai aikin gidan waya.

Laraba, bayan magariba

Injiniya bai dawo ba.

Alhamis, da asuba

Bai dawo ba. Jakarsa na shagon wanki.

Alhamis, da hantsi

Baban yara ya fita tun kafin gari ya waye. Ban tambaye shi inda za shi ba. Na ga bai ɗauki jakar aiki ba. Na share gida. Na wanke banɗaki. Na yi wa Auta wanka kamar jaririya, ta tsaya ta bar ni. Na cire labulen falo na jiƙa. Ina jira in ji wani abu a ƙirjina, babu. Kamar haƙorin da aka yi wa allura.

Abin da kawai ke yawo a kaina shi ne wane hoto zan kai benci. Ba shi da na kirki sai na fasfo.

Juma'a, da yamma

Ya dawo jiya bayan la'asar. Da ƙafa, shi kaɗai, babu jaket. Girarsa ta hagu a fashe, haƙori ɗaya na gaba babu. Auta ce ta buɗe masa, ta yi ƙara. Na zaunar da shi a kujerar kicin na ɗauko akwatin magani. Na wanke ciwon, na matse bakinsa da filasta, na duba haƙarƙarinsa ɗaya bayan ɗaya. Biyu sun yi tsami amma ba su karye ba. Ashe kama shi aka yi. Wai da safe wani babba ya shigo ya ce a saki masu kayan makaranta, wandon makarantar ne ya cece shi.

Na kira uban. Ya ɗauka yana jira. Na ce ya dawo, yana nan a gabana. Na ji wayar ta faɗi. A inda yake akwai ƙugin inji. Na san ƙugin wane inji ne. Ya ce ba zai sake shiga ba, ya shiga.

Ina naɗe bandeji na tambayi Injiniya me ya sa bai gudu ba da motocin suka zo, tunda sauran yaran sun gudu.

"Da gangan na tsaya, Mama."

Na ce me?

"Ta waje mun nema mun gaji. Na ce bari in shiga in duba ta ciki. Na kira sunansa a ɗakin da aka sa mu, na kira ta jikin bango. Ba ya nan. Amma wani ya ce akwai wani wurin da ake kai waɗanda suka daɗe. Da sun bar ni na ƙara kwana biyu da an kai ni."

Haushi yake ji an sake shi. Yana faɗa yana tofar da jini a tsumma, haushi yake ji.

Na gama naɗin. Na ba shi maganin rage zafi da ruwa. Na wanke almakashi na mayar.

Asabar, da safe

Baban yara yana aske gemu a gaban madubin banɗaki. Na tsaya a bakin ƙofa na ce ka kira Yaya ka ce masa to. Ya dube ni ta madubi. Ya ce kin tabbata? Na ce ban tabbata ba, ka kira shi kafin in tabbata.

Ya kira da kumfa a fuskarsa.

Lahadi

Injiniya ya ji. Ya ce shi babu inda za shi. Uban ya ce ba shawara ake nema ba. Ya shiga ɗakinsu ya rufe. Na kai masa abinci na ajiye a ƙofa, na dawo na ɗauke shi yadda yake.

Da yamma ya fito ya same ni ina shanya. Bakinsa a kumbure, maganar ba ta fita sosai.

"Mama, kin haƙura da shi ke nan?"

Na ce ban haƙura ba. Kai ne ba zan ƙara musu ba.

Sai ya ɗauki bokitin ya riƙe min har na gama.

Talata, da azahar

An kira mu gwajin lafiya. An ɗebi jini, an ɗauki hoton ƙirji. Likitar ta tambaye ni haihuwa nawa, na ce uku. Ta ce duk suna raye? Biron yana sama tana jira. Baban yara ya ce biyu ne za su yi tafiyar. Ta ɗago ta dube shi, ta dube ni, ta rubuta wani abu ta wuce tambaya ta gaba. Ta ce jinina ya hau kaɗan. Na ce na sani, maganin nake sayarwa.

Alhamis, da la'asar

Maganar gida. Na Baban yara ne, gadon mahaifinsa, ɗaki uku da ɗan tsakar gida. Wani abokinsa yana so ya sa 'yan haya. Na ce ba za a sa baƙo a gidan nan ba. Ya ce gida in an rufe shi babu mutum, lalacewa yake yi, ɓarayi su cire har tagogi. Na ce su cire. Ya ce to rufaffen gida da gidan da baƙo ke ciki, wanne ne zai buɗe masa? Mun zauna. Wannan karon ba faɗa ba ne, mu biyu ne muka rasa mafita.

Ban je ofishin ba yau. Karo na farko ba tare da wani uzuri ba.

Asabar, da hantsi

Ina goge taga na ji mota ta tsaya. Ƙanena ne, yana sauke kaya yana ɓata rai. Akwati, katifa a naɗe, buta, rediyo, da kujerar nan ta roba mai hannu da Inna ba ta zama a kan wata sai ita. Inna ta fito daga baya tana ba da umarni a yi hankali da rediyon.

Na ce Inna, lafiya? Ta ce ƙalau, ta gaji da gidan da ba a kunna rediyo. Ta wuce ni ta shiga, ta leƙa ɗakuna kamar mai sayen gida, ta zaɓi namu don ya fi kusa da zaure. Ta sa aka ajiye kujerar inda in an buɗe ƙofa ita za a fara gani.

Na bi ta ɗaki na ce ba zai yiwu ba. Ga gwiwa, ga ido, ga unguwar yadda ta zama. Ta ce 'yar ƙanwarta da ke karatun jinya za ta riƙa kwana da ita, an gama magana, kuma masu motoci ba su kwasar tsofaffi, ba mu da amfani. Na ce in kin faɗi fa? Ta ce in ta faɗi ta tashi, ko a tashe ta.

Sai ta ce in zauna. Na zauna a bakin gado. Rabon da ta kira ni da sunan da take kirana ina yarinya har na manta. Ta kira.

"Ke jira na cin ki," ta ce. "Ni kuwa ba ni da wani aiki sai shi. Na jira ubanki, na jira ku ku girma, yanzu zaman jiran nawa lokacin nake yi. To in haɗa da na jikana, duk zama ɗaya ne. Ki ɗauki biyun nan ki tafi. Ƙofa tawa ce."

Na ce idonki ba ya gani sosai, Inna, in ya canza fa? An ce aske su ake yi.

Ta ce yaron da ya yi mata fitsari a baya ya fi a ƙirga, ko a buhu aka kawo shi za ta gane shi.

Na yi dariya. Daga dariyar ban san yadda aka yi ta koma kuka ba. Ta bar ni na yi a cinyarta, tana ta bubbuga bayana tana cewa Auta ta rufe ƙofa, Mamanki na da mura.

Litinin

Biza ta fito. Baban yara ya ajiye fasfo huɗu a kan tebur. Kowa ya kewaye su ya wuce.

Alhamis, bayan azahar

Na je benci. Mutumin taga ya ce ana dubawa. Na ba shi lambar ƙanena, ya rubuta a bayan wata takarda da na san shara za ta.

Na gaya wa matan. Na zaci za su juya min baya, ni da ce da na juya. Maman 'yan biyu ta ce Allah ya kiyaye hanya, ba ta dube ni ba. Maman mai gilashi ta tambaya ko a can akwai inda ake kai ƙara a ji. Na ce zan tambaya. Maman Tela ta bari sai da na tashi. Ta miƙo hannu. Na zaci sallama ce, ashe hoton take nufi.

"Kawo shi nan. Hannu biyu gare ni."

Ta ɗora shi a cinyarta kusa da na ɗanta, ta gyara su suka daidaita. Na tafi. A bakin get na waiwaya, tana nuna wa wata sabuwar zuwa inda ake bin layi.

Asabar

Ranar ƙarshe a kanti. Na nuna wa sabuwar yarinyar inda makullin kabad ɗin allurai yake, da tsofaffin da sai an rubuta musu safe da dare da manyan baƙaƙe. Hajiya ta cika min leda da maganin mura da na ciwon kai, wai an ce a can sai ka ga likita kafin a ba ka ko na ciwon kai. Ta rungume ni. Na tsaya har ta gama.

Litinin, da yamma

Shirya kaya. Kowa akwati ɗaya da jakar hannu. Shekara ashirin da wani abu, akwati ɗaya. Tukwane sun zauna, keken ɗinki ya zauna. Auta ta cusa 'yar tsanarta ta fitar da takalmin makaranta, na mayar, ta sake fitarwa. Baban yara yana ta auna akwatuna a sikelin da ya aro, yana cire sifana, ƙarfen kwance noti, yana mayarwa.

Gefen Dogo na ɗakin ban taɓa ba. Na canza zanen gado kawai. Injiniya ya ɗauki abu ɗaya daga kan teburinsa ya sa a aljihu, ban ga ko mene ne ba, ban tambaya ba. Daga baya na same shi a zaure ya kwance ƙararrawar ƙofa, wadda ta mutu tun bara. Ya gyara ta, ya ƙara mata ƙara, ya ja waya har ɗakin Inna. Ta ce ya danna ta ji. Ya danna. Ta ce wannan ai har matattu sai su tashi, sannan ta kama bakinta. Injiniya ya ce ba komai, Inna, haka ake so.

Laraba, da hantsi, a ɗakin jira na filin jirgi

Mun fito da sassafe. Ƙanena ya kawo mota. Maƙwabta biyu sun fito, ba mu gaya wa mutane da yawa ba. Inna ta riga kowa tashi, ta yi wanka, ta zauna a kujerarta rediyo na cinya. Ta yi wa yaran addu'a ɗaya bayan ɗaya. Ta ce wa Baban yara amana, ya durƙusa ya kasa tashi sai da ta ce zai sa jirgi ya tafi ya bar shi. Ni ta ce min kada in tsaya sallama, in wuce kawai kamar za ni kanti. Na wuce.

Ban waiwaya ba. Na ji ta ce wa yarinyar da ke kwana da ita kada ta sa sakata, turawa kawai za ta yi.

Mun bi ta babban titi don babu wata hanyar. An yi wa bangon sabon fenti. Injiniya ya kafa kansa a gilashi. Auta ta yi barci a jikina tun kafin mu kai gada.

Mun wuce gadar Baban yara ya juyo daga gaba zai ce wani abu, sai idonsa ya sauka ƙasa. Na bi idon. Silifas ɗin banɗaki ne a ƙafata, shuɗi, ɗaya an ɗaure igiyarsa da waya. Takalman tafiyar suna can bakin gado inda na jera su jiya.

Ƙanena ya rage gudu. Ya ce akwai lokaci, Yaya, in juya?

Duk suna jirana.

Na ce a'a. In na koma ba zan fito ba. Mu je.

Yanzu ga ni a kujerar ƙarfe, ƙasan wurin sai sheƙi yake, sanyin na'ura na shiga min yatsu. Wata mata a gabana ta dubi ƙafata ta kawar da kai. An fara kiran layinmu. Auta ta riƙe min zane, Injiniya ya ɗauki jakata ya tsaya yana jira in tashi.